Shekara Talatin Da Ɗaya Ina Ɗauke Da Laifin Kyaftin Ɗina

Zuwa ga Ustaz mai kula da wannan fili,

Assalamu alaikum. Ina roƙonka da ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri idan na tsawaita. Ni ba mai yawan magana ba ne, wannan kuwa magana ce da ban taɓa furta wa kowa ba. Ko matata, Allah ya ji ƙanta, har ta rasu ba ta san ta ba. Sunayen da zan ambata na canza su.

Shekaruna hamsin da huɗu. Injiniyan ban-ruwa ne ni, ina aiki a can kudu, amma an haife ni a wani ƙaramin gari na arewacin Masar wanda duk rayuwarsa ta dogara ga masana'antar gurzar auduga. Mahaifina lebura ne a masana'antar. Tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ni kuma na tsare mata raga shekara biyar, lokacin ina ɗalibin jami'a. Da safe in hau jirgin ƙasa zuwa makaranta, da la'asar in dawo atisaye.

A ƙungiyarmu akwai doka guda da tsohon kocinmu ya kafa, wadda ba ya yafe wa kowa. Idan aka bugo kwana, duk wanda ya riga ɗaga murya ya ce “Tawa ce!”, to ƙwallon ta zama tasa. Idan mai tsaron baya ne ya kira, gola ba ya fitowa, sai ya tsaya a kan layinsa, don kada su yi karo. Na taɓa fitowa bayan an kira, na kama ƙwallon lafiya lau, amma duk da haka koci ya zaunar da ni a benci wasa biyu. Daga ranar ban sake saɓa dokar ba.

A shekarata ta ƙarshe muka kai wasan da ko kunnen doki muka yi za mu hau babban rukuni, abin da garinmu bai taɓa gani ba. Saura minti uku a tashi, babu wanda ya ci, aka bugo mana kwana. Kyaftin ɗinmu, mai tsaron baya, wanda zan kira Lutfi, ya ce “Tawa ce!” Na ji shi sarai, na tsaya. Ya yi tsalle, ƙwallon ta wuce saman kansa, ɗan wasan abokan hamayya da ke bayansa ya sa kai ta shiga. Abin da mutum dubu goma sha biyu suka gani shi ne gola a tsaye kamar an dasa shi, ƙwallo kuma ta sauka taku uku daga gabansa. Ihun jama'a ya hana kowa jin kiran, in ban da ni da Girgis, mai tsaron baya na dama.

A ɗakin canza kaya Lutfi ya ja ni gefe yana kuka. Ya ce wakilan wata babbar ƙungiya ta Alƙahira sun zo kallonsa a ranar. Ba zan manta da kalmominsa ba: “Kai kana da jami'a, ɗan'uwa, gobe injiniya ne kai. Ni ƙafar nan kaɗai gare ni. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa maka.” Tare muka tashi da shi, a unguwa ɗaya, uwarsa ta sha ciyar da ni. Na ce masa na yi alkawari.

Ya tafi Alƙahira, ya yi kakar wasa biyu, gwiwarsa ta lalace, ya dawo gida. Ni kuwa garin ya laƙaba mini suna Mai Barci. A shagon shayi, a tashar jirgi, har a ƙofar masallaci. Mahaifina ya daina zama a shagon da ya yi shekara ashirin yana zama, domin idan ya shigo sai a ce ga uban Mai Barci. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban faɗa masa ba har ya rasu. Da na gama karatu, da kaina na nemi a tura ni kudu. Ba na zuwa gida sai idan an yi rasuwa.

Watan jiya ƙungiyar ta cika shekara saba'in da biyar, aka shirya wasa tsakanin tsofaffin 'yan wasa. Lutfi ne shugaban kwamitin tsofaffin, shi ya buga mini waya da kansa. Ya ce, “Injiniya, in ba ka zo ba wa zai tsare mana ragar? Ka zo, akwai abin da na tanadar maka a gaban jama'a.” Ustaz, zan faɗa maka wautata. Na ɗauka lokaci ya yi. Na ɗauka mutumin da furfura ta cika kansa, ya je aikin Hajji, ba shi da abin da zai rasa, ya yanke shawarar wanke ni. Saboda haka na tafi da 'yata Nuha da mijinta, domin su ji da kunnensu. Kafin ranar wasan, na yi wata guda ina zagaya madatsar ruwa da gudu don kada in kunyata.

Wasan kansa ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mun yi ƙiba, mun yi sanƙo, minti ashirin-ashirin muka buga muna haki, jama'a suna ta dariya da tafi. Na kaɗe ƙwallo biyu masu wuya, har na ji ana kiran sunana na gaskiya daga wajen 'yan kallo, karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya.

Da aka tashi, aka jera mu a tsakiyar fili, Lutfi ya riƙe lasifika yana kiran mu ɗaya bayan ɗaya, ana rataya wa kowa lambar girma. Ni ya bari a ƙarshe. Ya ce, “Jama'a, ga gwarzon da ya hutar da mu wahalar tafiye-tafiyen babban rukuni! Yau dai ya farka, amma mun san halinsa, don haka muka yi masa tanadi.” Sai aka miƙo mini kyauta a naɗe. Na buɗe a gaban kowa. Matashin kai ne, an ɗinka shi da launin rigar ƙungiya, an sa masa lamba ɗaya.

Filin ya ɗauki shewa. Na tsaya riƙe da matashi, ina murmushi, domin ban san abin da zan yi da fuskata ba. Na dubi Girgis a ƙarshen layi, ya sunkuyar da kai. Bayan an watse Lutfi ya rungume ni, ya ce, “Haba Injiniya, ka wani ɗaure fuska! Raha ce. Ka ga yadda suke son ka?” Na dubi idonsa ina neman ko alamar kunya, ban ga komai ba. Wannan ya fi matashin yi mini ciwo.

A jirgin dawowa Nuha ta tambaye ni, muryarta ƙasa-ƙasa don kada mijinta ya ji: “Baba, da gaske barci ka yi?” Na ce mata abu ne da ya daɗe da wucewa. Ta karɓi matashin daga hannuna ta cusa a ƙarƙashin kujera, ba ta sake cewa uffan ba har muka sauka.

Yanzu ƙungiyar tana haɗa littafin tunawa, an nemi kowane tsohon ɗan wasa ya rubuta shafi guda kafin ƙarshen wata. Na rubuta nawa, na faɗi abin da ya faru daki-daki, amma ban aika ba. Na yi alkawari, kuma ban taɓa karya alkawari ba. Lutfi yana da iyali a garin, mutuncinsa a can shi ne duk abin da ya mallaka. Girgis ma a garin yake cin abinci, ba na son in jefa shi tsakani. Sannan ina tsoron a ce tsoho ya ji haushin wasa ya ƙaga labari. Amma kuma ba na son in mutu kamar mahaifina, da wannan suna a kaina, 'yata tana jin kunyata. In aika shafin, ko in yaga shi? Shin alkawari yana nan daram ko da wanda aka yi dominsa ya mayar da shi abin dariya?

Naka,
Tsohon gola daga kudu

Amsa

Wa alaikumus salam, Injiniya.

An cuce ka, kuma ba za ka yi ƙari ba idan ka kira abin cin amana. Zan fara da wannan domin na lura kana neman izinin jin zafi. Ka ji shi. Ka ba mutum sunanka aro lokacin da yake cikin matsi, maimakon ya dawo maka da shi sai ya yi wasa da shi a bainar jama'a, a gaban 'yarka.

Game da alkawari, ka duba abin da aka roƙe ka a kai. Lutfi ya nemi ka yi shiru don kada ya rasa gurbi a Alƙahira. Ya samu gurbin, ya ci moriyarsa, abin ya ƙare shekara ashirin da tara da suka wuce. Ka cika alkawarinka har ka zarce. Ba ka taɓa yi masa alkawarin za ka tsaya yana muzanta ka ba.

Sai dai bari in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Ka ce ba ka ga kunya a idonsa ba. Mai yiwuwa ne babu ita, ba don mugunta ba, sai don ya daɗe da yarda da labarin garin. Shekara talatin yana jin ana faɗin abu iri ɗaya a shagon shayi, mutumin da ya fi kowa ikon ƙaryatawa kuma ya tattara ya koma kudu bai taɓa tuna masa ba. Zuciyar ɗan Adam tana son labarin da zai bar ta ta yi barci. Wannan ba uzuri ba ne gare shi, amma shirunka ya taimaka masa. Ka je wasan kana jiran ya karanta abin da ke ranka, alhali ba ka taɓa buɗe baki ka nema ba.

Don haka kada ka aika shafin tukuna, kada kuma ka yaga shi. Ka fara da Nuha, yau, ba gobe ba. Ita ba ta cikin alkawarin, kuma ta yi maka tambaya kai tsaye ka kauce. Shirun da ta yi a jirgi, ina kyautata zaton ba kunyarka take ji ba, zafi take ji dominka, ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ka zaunar da ita ka gaya mata dokar kocinku da abin da aka faɗa a ɗakin canza kaya.

Bayan haka ka hau jirgi ka je wurin Lutfi. Ba waya ba, ba saƙo ba, kuma ba a shagon shayi ba. Ku biyu kawai. Ka miƙa masa shafin ya karanta a gabanka, ka ce masa ka fi son gaskiyar ta fito daga alƙalaminsa, a nasa shafin, kafin ranar rufewa. Wannan gata ne za ka yi masa. Idan shi ya faɗa da bakinsa, garin zai ce dattijo ya yi abin dattako, mutuncin da kake tsoron zubar masa ma ƙaruwa zai yi. Girgis kuwa ka bar shi. Idan ya ga dama ya yi magana, ya san hanya.

Idan Lutfi ya musanta ko ya sake cewa raha ce, to ka aika naka. Ka cire duk wata kalmar zafi, kada ka ambaci kukansa ko matashin. Ka rubuta dokar, ka rubuta wanda ya kira, ka rubuta cewa ka tsaya domin haka aka koya maka. Tsofaffin da suka yi wasa a hannun kocin nan sun san dokar, kuma za su gane. Waɗansu ba za su yarda ba, ka shirya wa wannan. Ba dukan garin kake buƙata ba.

Mahaifinka ya tafi bai ji gaskiya ba, wannan ba ya gyaruwa, sai addu'a. 'Yarka tana raye, kuma ta riga ta tambaya. Kada ka bar ta ta jira shekara talatin.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ji ƙan mahaifinka da maiɗakinka, ya sa ka samu Lutfi da kunnen saurare.