Littafin Fiziks Ɗin da Ka Bari

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a duk inda kake. Shekara biyu ke nan da ka hau motar arewa mai ratsa hamada, ko muryarka ba mu sake ji ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da Baba ya ce in haɗa kayanka a buhu, na cire littafinka na fiziks na ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Ka tuna gidanmu na unguwar Hajara, kullum famfo ba ya kai ruwa sama? Ina hawa bene da jarka ina haki, kai kana zaune a matakala kana lissafi: kilo ashirin, mita uku, jul ɗari shida. Na ce ban gane ba. Ka ce, "Ke dai fara rubuta abin da aka ba ki, kafin ki firgita."

Haka nake yi. Tambayoyi arba'in ka kwafo a kan aiki da makamashi da ƙarfi, ka rubuta amsoshin da fensir. Sai in rufe taka da yatsa, in yi tawa, sannan in ɗaga. In sun zo ɗaya, ji nake kamar ka gyaɗa min kai.

A ta talatin da ɗaya, ta injin ban ruwa irin na gonar da ka yi aiki a garin Samnu, amsarmu ta bambanta. Kwana huɗu ina zargin kaina. Ashe kai ne ka manta ka mayar da minti biyu zuwa sakan. Yaya, ka yi kuskure! Na yi dariya, na waiga in tsokane ka, sai bango na gani. Ban goge amsarka ba.

Saura uku yanzu. Ɗaya nake yi a sati, don ina tsoron ranar da rubutunka zai ƙare.

Allah Ya tsare ka daga ƙishi da mugun hannu, Ya dawo mana da kai.

Akwai shafi tara a baya da ba ka taɓa ba. Jiya na fara rubuta tambayoyina na kaina a ciki. A ƙarƙashin kowace na bar maka layi biyar.

Ƙanwarka,
Balki