Ruwan Da Ba Ya Tafiya

Guangzhou, 14 ga Mayu, 1998

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da Habsatu da yara. Yaya ruwa, yaya kamun kifi? Ni lafiya lau, sai zafi da gumi. Aikin tafinta da nake yi wa Alhaji Tankari, mutumin Ƙonni mai fataucin takalma, yana tafiya daidai.

Ka tuna gasar da na ce maka zan shiga, wadda ka ce ta marasa aikin yi ce? An yi ta ranar Lahadi a wani dam arewa da gari. Iyo kilomita biyu, keke kilomita tamanin, gudu kilomita ashirin, a jere, ba hutu. Keke da gudu nake tsoro, shi ya sa tun hunturu nake hawa tudun Baiyun duk asuba. Ruwa kuwa ko a zuciya ban sa shi ba. Ni ɗan garin Lolo, wanda ya ƙetare kogin Kwara kafin ya fara azumi, me dam zai yi masa?

To Yaya, ko keken ban taɓa ba. A ruwa aka fitar da ni.

An ɗaure wata jar ganga a tsakiyar dam, kowa zai zagaye ta ya dawo cikin awa ɗaya da minti goma. Da aka busa usur, sai na nufi hagu da gangar, kamar yadda ka koya mini: kada ka nufi gaɓar da kake so, nufi samanta, ruwa zai kawo ka. Ban yi shawara da kaina ba, jiki ne ya yi abinsa. Duk sanda na ɗaga kai na ga gangar can dama, sai in ce madalla, yanzu ruwa zai sauko da ni. Ruwan dam kuwa ba ya tafiya. Kafin in farga na yi nisa, ni kaɗai. Na zagaye gangar, amma a hanyar dawowa wani mai kwalekwale ya taɓa ni da filafili, ya nuna mini agogo.

Alhaji yana bakin ruwa da lemarsa. Da aka sauke ni sai ya ce, "Munkaila, kowa ya yi gabas, kai ka kama hanyar gida. Da ka faɗa ai da na ba ka saƙo." Na yi dariya don kada in yi kuka. Shekara biyar ina karatun injiniyan ruwa a garin nan, ga takardata a akwati, amma na manta cewa ruwan da aka tsare a tsaye yake.

Don Allah kada mutanen bakin ruwa na Lolo su ji an tsamo ni. Ka gaishe da Inna da kyau.

Ƙanenka,
Munkaila

Guangzhou, 23 ga Agusta, 1998

Yaya Haruna,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, na gode. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ambaliyar da kuka ji a rediyo gaskiya ce, amma mafi muninta a arewa da mu take, tafiya mai nisa. Ku kwantar da hankali.

Ka ce ba ka gaya wa kowa ba sai Habsatu. Wanda ya gaya wa Habsatu ai ya gaya wa Lolo. Ba komai.

Za a sake gasar ranar 18 ga Oktoba. Takardun zamana a ƙasar nan za su ƙare a ƙarshen Nuwamba, in dawo hidimar ƙasa, saboda haka bayan wannan babu wata. Matsalar ita ce ranar ta faɗa cikin babban baje kolin garin nan, lokacin da Alhaji ya fi bukatata. Da na yi masa maganar sai ya ce, "Bakinka na ɗauka aiki, ba ƙafarka ba." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa na riga na ba da sunana, kuma abin yana hana ni cin abinci da daɗi.

Ina ta gyaran iyo. Na gwada rufe ido a wurin ninƙaya na makarantarmu, in ga ko jikina zai miƙe. Bai miƙe ba. Na faɗa layin wata tsohuwa, ta zazzage ni da yaren garin nan, wanda har yau ban iya ba. Na ba ta haƙuri da Sinancin makaranta, ta ƙara fusata. Yanzu duk bugun hannu goma nake ɗaga kai in duba. Ɗaga kan ba shi ne mai wuya ba. Wuyar ita ce in ga abu a gabana in nufe shi kai tsaye, zuciya tana ce mini za a wuce da ni. Wani lokaci sai in ji kamar saɓa maka nake yi. Na san za ka ce kai Kwara ka koya mini, ba ka ce in je in auna ta a kwano ba.

Ina tsoro, Yaya. Ba na neman in zo na ɗaya. So nake kawai in kai ƙarshe da ƙafata. A sa ni a addu'a.

Naka,
Munkaila

Guangzhou, 22 ga Oktoba, 1998

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, babba da yaro, da fatan ana lafiya. Ka gafarta rubutuna, hannu bai gama dawowa daidai ba.

Ana gobe gasar Alhaji ya ce in tafi, shi da kalkuleta sun isa. Ya ce kalma biyu ya sani, "laoban" wato maigida, da "meiyou" wato babu, kuma da su ake ciniki.

Na fita daga ruwa da sauran minti goma sha huɗu. Sau biyu jikina ya ja hagu, sau biyu na dawo da shi. Da ƙafata ta taka laka sai da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Keke ya yi kyau har kilomita sittin, sannan iska ta juyo mana. Gudu kuwa, gaskiya ba duka na gudu ba. Daga kilomita goma sha biyu cinyoyina suka ɗaure, na koma tafiya, in ɗan ruga, in sake tafiya. Mutanen ƙauye suna bakin hanya suna kiran "jiayou", ma'anarsa ƙara mai. Ni kuwa man ya ƙare tuni.

Saura kilomita uku sai na hango babbar riga a bakin gonar ayaba. Alhaji ne, ya baro baje kolin ya ɗauko tasi. Na ce masa ƙa'ida ta hana a taimaka mini. Ya ce, "Wa ya ce taimakonka na zo? Hanya ta gwamnati ce." Ya bi gefe da rigarsa a kafaɗa, yana haki, yana ba ni labarin yadda ya kusa sayen takalman ƙafar hagu zalla. Ban san sanda na koma gudu ba.

Na isa da sauran minti huɗu a rufe. Har an fara kwance tutoci. Wata yarinya ta rataya mini lambar yabo, ta rubuta sunana da haruffansu, ya fito Mu Kai La. Ban gyara mata ba. Tun ranar a zaune nake salla, kuma da baya nake sauka daga bene.

Na san mutanen bakin ruwa za su tambaye ka na nawa na zo, to ka faɗa musu daidai. Mutum sittin da ɗaya suka gama, ni ne na sittin da ɗaya. Waɗanda suka shiga ruwa da safe tamanin da takwas ne.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata ta fara shanya mini kifi.

Ƙanenka mai ƙaunarka,
Munkaila