Tukunyar da Chunni Ta Fasa

Zuwa ga mijina Baoshan, Baban Chunni,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a can bakin tekun Peru. Yaya ciwon bayan nan? Na san za ka ce ya warke, kai da ba ka taɓa yarda kana ciwo ba.

An sake hura babban murhun narka ƙarfe na masana'antarmu. Ka tuna yadda ƙarafa suka taru a fili suna tsatsa, don gidajen da aka gina a nan Qian'an sun fi masu shiga yawa, kowane rafi kuma ya samu gadarsa? To, an kwashe su kaf zuwa tashar jiragen ruwan da kuke ginawa. Manaja ya ce muddin ana gini a waje, wuta ba za ta mutu a nan ba. An mayar da ni bakin aiki.

Jikin Mama, mahaifiyarka, ne ba daɗi. Da na ce zan sanar da kai sai ta harare ni: "Ke, rufa mini baki! In ya ajiye aiki ya taho, wa zai sake ɗaukarsa?" Ni dai na kasa ɓoye maka. Ka nemi hutu.

Matarka,
Shufen

Baban Chunni,

Ina gaishe ka, yaya haƙuri? Na ga saƙonka cewa sun hana ka tahowa sai an gama kafa ginshiƙai. Jiya muka raka Mama makwancinta.

Ka san ba a ɗaga makara sai ɗa namiji ya fasa tukunyar da aka ƙona wa mamaci takardu a cikinta, wanda ya fasa kuma shi ake kallo a matsayin magaji. Kai kaɗai ta haifa. Sai ga Deshun ɗan baffanka, wanda ko sau ɗaya bai leƙo jinya ba, yana naɗe hannun riga. 'Yarmu Chunni ta riga shi ɗaukar tukunyar. Dattawa suka ce, "Ajiye, mace ba ta fasawa." Ta ce, "A madadin babana nake." Ta maka ta da ƙasa, ta tarwatse a bugu ɗaya, yadda ake so. Aka ɗaga makara.

Gidanmu yana hannunmu, aiki ma yana nan. Amma raina a ɓace yake, Baoshan. Ƙasa ta yi rarar ƙarfe, ta samu inda za ta kai shi, na gode. Kai ba rara ba ne. Kai kaɗai gare mu.

Matarka mai kewarka,
Shufen