Kan da Ake Nuna wa Masu Saye

Soron Ɗinki, Kano

Yaya Nana Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Na ba Sabo direba wannan takarda don ba zan iya faɗa a wayar Umma ba.

Ban gaya wa kowa ba: gashina yana zubewa. Gefen goshina ya fara fili, ga amosani fari fat a cikin ɗankwalina.

Kin san man gashin da Umma take haɗawa da man kaɗe da na darbejiya. Duk matar da ta shigo saye, sai Umma ta ce, "Ikram, juyo musu baya su ga aikin maina." Jelar kitson kawai suke kallo. Kulu mai kitso tana ja sosai don ya daɗe, ta janyo na baya ta rufe wurin. Umma ta hana ni wankewa, wai ƙyallin zai tafi. Kullum mai a kan mai.

Na gaji da susa, Yaya. In na faɗa, wa zai ƙara saye? Da shi muke cin abinci.

Ƙanwarki,
Ikram

Wudil

Ikram 'yar gidana,

Wa alaikumus salam. Wauta ke nan, ki zauna kina susa kamar akuya!

Ba laifin man ba ne. Ja ne da rashin wanki. Ki tsefe, ki wanke da karkashi, ki bar kan ya sha iska. Mai kaɗan, a bakin gashi kawai.

Kin taɓa ganina ba ɗankwali tun da na yi aure? Kafin ke, ni ake juyawa. Na yi shiru, gefena bai sake tsirowa ba. Umma ba ta sani ba har yau.

Ki gaishe ta.

Yayarki,
Nana Hauwa

Soron Ɗinki, Kano

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na tsefe da kaina, na wanke. Kulu ta aiko, na ce ba zan zo ba.

Gobe Hajiya Dije dillaliya za ta kawo masu saye. Kafin su iso zan zauna gaban Umma, in cire ɗankwali. Ba bayana zan juya mata ba.

Ki yi mini addu'a.

Ikram