Abin da Aka Ciro daga Cikin Saniyar Zulai

Zuwa ga ƙanena Tawfiq,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan sanyin ƙasar Sin bai ƙarasa ɗan naman da ka tafi da shi ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a fatauci. Mu nan Gudu lafiya lau. Inna ta samu sauƙin gwiwa har ta koma faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan.

Na ga wani abu ne da dole in ba ka labarinsa. Ka tuna Zulai mai kawo mana nono daga rugar bayan Apo? Saniyar da take tatsa tana riƙe marayunta ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, har mahauta sun fara zagaye. Maigidana Baban Kauthar ya kai mata abokinsa likitan dabbobi, ni ma na bi su. A gabana aka ɗaure saniyar a tsaye, likitan ya yi mata allura, ya farke gefen cikinta tana numfashi. Ya yi ta zaro leda, can sai ga silifa na yaro, ɗan ja, da maɗaurinsa. Da aka ɗauraye shi, wallahi kamar yau aka sayo. Cikin da ke narkar da karan dawa ya kasa taɓa shi! Likita ya ce a juji ta haɗiye, kuma irin wannan roba sai ta ga jikokinmu ba ta ruɓe ba. Ikon Allah kawai nake ta faɗa. Ya ɗinke ta, ya ce in ta fara tuƙa ta rayu, in ba haka ba sai haƙuri.

Don haka dilar takalman robar da ka ce za ka aiko wa yara na Sallah, don Allah ka bar ta. Na san alheri ka nufa, amma ba sa kai damina sun tsinke, daga nan sai juji. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mun samu wani baduku, Manniru, a kasuwar Gudu, yana ɗinka na fata, ƙasansu tsohuwar taya ce daga makanikan Apo. In ƙasan ya cinye ya sake musu wani, tsofaffin kuma ya karɓa yana faci da su. Inna ta ce sai yanzu boko ya gano takalmin kakanta.

Jiya da hantsi sai ga Zulai, ba ƙwarya a kanta, ta tako tun daga ruga don kawai ta ce min saniya ta fara tuƙa. Ban taɓa zaton zan yi kuka don dabba ta motsa baki ba, amma na yi.

Ka gaida mai ɗakinka Nazeefa da ɗana Ameer. Inna da Kauthar suna gaishe ku.

Yayarka,
Hadijatu