Sunan da Duna Ya Sani

Tsarnawa, 20 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Yayana Lurwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Balki da yara, Ya kuma ƙara mana haƙurin rashin Baba. Mu nan lafiya, gwargwadon abin da za a kira lafiya. An yi sadakar arba'in ranar Juma'ar da ta wuce, baƙi sun watse, an mayar wa maƙwabta tabarminsu. Gero ya yi kyau bana, Kawu Iliyasu ya tara mutane sun yanke na gonar Baba an zuba a rumbu. Ni har yanzu ban koma ɗakina a Bazaga ba, ina nan wajen Inna. Ka tambaya a saƙonka ko ina yawan kuka. Ba na yi. Ina tashi, in yi daka, in wanke kwanoni, rana ta faɗi. Ko zafin abin ban ji ba tukuna, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar Duna. Ba ka san shi ba, don bayan tafiyarka Abijan aka kawo shi. Baƙin kare ne da Baba ya karɓo yana kwikwiyo, shekara huɗu ke nan, don tsaron awaki. Ka san gidanmu, kare ba ya wuce zaure, kuma Inna ba ta taɓa yarda ya kusanci tulunta ba. Amma Baba hira yake yi da shi kamar tsaransa. In ya ce "gona", Duna ya riga shi fita. In ya ce "rijiya", sai ya bi ɗaya hanyar. In ya ce a koro gurguwa, akuyar nan mai ɗingishi zai koro, ba wata ba. Na taɓa gwada shi, na ce "gona" ina nuna wajen rijiya da hannu. Ya dube ni kamar wadda ba ta da hankali, ya kama hanyar gona. Liman yakan ce murya kawai dabba take ganewa, ba magana ba. Baba yakan ce masa ai mutane da yawa ma haka suke.

Ranar da ciwo ya tsananta, aka ɗauki Baba a amalanke zuwa bakin kwalta, aka sa shi mota zuwa asibitin Ƙonni. Duna ya bi su har tasha. A Ƙonni Baba ya cika, a can kuma aka rufe shi, saboda haka kare ya ga tafiyarsa bai ga komai bayanta ba. Tun daga ranar bai bar tashar ba. Yana kwance gindin dogonyaro, kusa da teburin Alkasum mai shayi. Duk motar da ta tsaya daga wajen Ƙonni sai ya tashi ya shinshina masu sauka ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya kwanta. Alkasum yana jefa masa guntun burodi, wani lokaci ya ci, yawanci ya bari. Ya rame, gashinsa ya zube, idonsa ya yi ja, har matafiya suka fara cewa ya haukace. Magana ta kai ga maigari, ya aiko cewa in ba mu ɗauke shi kafin ranar kasuwa ba za a kashe shi, don ba za a bar shi cikin taron mata da yara ba. Ban ga laifin maigari ba.

Kawu Iliyasu ya sa masa igiya ya ja shi har gida, kare ya tauna igiyar ya koma tasha. Ni ma na je da sauran tuwo, na ce masa "gida", kalmar da na tabbata ya sani. Ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, bai tashi ba. Na ce masa Baba ba ya dawowa, ko kunne bai motsa ba. A nan Alkasum ya gaya mini abin da ya lura da shi: in ana hira kare ba ya ɗaga kai sai in direbobi sun ambaci Baba da sunansa na yanka. Ka yafe mini, zan rubuta shi, Illo. Sai na gane. Lokacin da aka kawo Duna ni da kai mun bar gida, babu mai cewa Baba. Inna kuwa tun aurensu ba ta taɓa kiran sunansa ba, in ta kama dole sai ta ce "shi". Sunan da kare ya riƙe shi ne wanda abokan Baba suke kwaɗa masa a zaure da gona, kuma tun rasuwar kowa a gida "marigayi" yake cewa. Alkasum ya ce shi ma ya gwada gaya masa rasuwar da sunan, sai kare ya miƙe kunnuwa ya dubi hanya. Na buɗe baki in gwada nawa, sunan ya ƙi fitowa.

Da na koma na ba Inna labarin, ba don ina jiran komai daga gare ta ba. Sai ta ce an aika Illela, an aika Malbaza, har kai da ke Abijan an sanar da kai, amma a gidan nan ba wanda ya gaya wa wannan kare. Washegari da hantsi, ana gobe kasuwa, ta ɗauki mayafinta. Gwaggo Tsahara ta tare ƙofa, ta ce mai takaba ba ta fita sai da lalura, balle don kare, me mutane za su ce. Inna ta ce rai ne, kuma ba ta san lalurar da ta fi rai ba. Gwaggo ta kauce, ni kuma na bi bayanta.

Tasha cike take da maza. Da aka gan ta, Alkasum ya kashe rediyonsa. Ta tsaya nesa kaɗan da kare yadda ba zai taɓa zanenta ba, sannan ta tsuguna. Muryarta ba ta rawa, ba ta kuma ɗaga ta ba.

"Duna, Illo ya rasu. Ba ya komowa. Tashi mu tai gida."

Shekarata ashirin da tara, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kare ya dube ta ya daɗe. Sai ya tashi ya bi bayanta. Wata mota ta tsaya daga wajen Ƙonni muna barin wurin, bai waiwaya ba. A zaure ya tsaya kamar kullum. Inna da kanta ta kawo masa ruwa a sakaina, ya sha, ya ci tuwon da aka ajiye masa.

Ban san abin da ya gane ba, Yaya. Ko maganar duka ce, ko sunan kawai, ko bakin da sunan ya fito. Na dai san kalmomin nan Alkasum ya faɗa masa bai tashi ba. Inna ta shiga ɗaki ta zauna kan tabarmarta, ta ɗauki tasbaha. Bayan la'asar na kai mata fura. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Saratu, na hwaɗe shi daidai?"

Na ce mata daidai ta faɗa. Ta gyaɗa kai, ta karɓi furar.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu Iliyasu da Gwaggo Tsahara. Ka gaida mini Balki, da Mutari da Amina. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Saratu