Dabinon Da Na Riƙa Kawo Maka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Sule mai nama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Shekara guda ke nan da muka rabu, sai yau na iya ɗaukar alƙalami.

Baba, ranar da likita ya ce ƙodarka ta yi rauni, ni na karɓi girkinka, tunda Inna ta riga ka tafiya. An ba mu takarda da Turanci, na karanta layin farko da ya ce a rage gishiri da nama, na ninke ta na sa a jaka. Na ɗauka na gane komai.

Kai da ka yi shekara talatin kana sayar da nama a kasuwar Ogbete, ni na hana ka kilishi da balangu. Wata Juma'a na tsinci ƙunshin kilishi a aljihun rigarka, na yi maka faɗa a gaban abokanka a ƙofar gidanmu na unguwar Coal Camp. Ba ka ɗaga kai ba. Cewa kawai ka yi, "To, Hajara, na ji."

Don in wanke laifina, na shiga kawo maka abin taɓawa. Kullum da la'asar kwano cike da dabino, ayaba biyu, wani lokacin har da soyayyiyar gyaɗa. A tunanina kayan itace ba sa cutar da kowa. Kai ma ba son ayaba kake ba, amma kana cinyewa don kada raina ya ɓaci.

Wata biyu ana haka, ƙafafunka suka mutu, bugun zuciyarka ya rikice, muka ɗauke ka a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Ma'aikaciyar da ke kula da abinci ta tambaye ni me kake ci tsakanin rana da dare. Na lissafa mata har ina alfahari. Sai ta ce dabino da ayaba cike suke da sinadarin fotasiyam, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya tacewa. Duk yana rubuce a bayan takardar nan.

Bayan an sallame ka na koma kawo maka gugguru marar gishiri, da yankan tuffa ko ɗan abarba, gwargwadon yadda ta auna mana. Kakan yi dariya ka ce, "Wannan ai iska aka soya." Wata takwas ka ƙara, kana zuwa wankin ƙoda, ko sau ɗaya ba ka ɗago maganar dabinon ba.

Ni ma ban ɗago ta ba, Baba. Kullum ina cewa gobe zan durƙusa in nemi gafararka, kunya tana hana ni. Na san kwana ne ya ƙare, amma abin yana cin raina. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna.

'Yarka,
Hajara